Garmani: Ciyawar da Ke Mamaye Makiyaya

Garmani, wanda masana tsirrai suka laƙaba wa Sida cordifolia tun 1753 saboda ganyensa mai siffar zuciya, ɗan uwan kuɓewa ne da rama da auduga, amma ya zama annoba a makiyayan jihar Maraɗi, maƙwabciyar Shinkafi da Zurmi. Bincike a Nijar ya nuna cewa yawan kiwo ne ke ba shi ƙofa, domin dabbobi kan cinye ciyawa mai daɗi su bar shi, har ya zubar da iri ya rufe burtali. Shi ya sa masana ke ba da shawarar tuge shi kafin ya yi fure, sannan a shuka ciyawar kiwo a gurbinsa.