Ko Kun Sani? Tsokar Bayan Cinya

Samuel Eto'o, wanda ya taso a unguwar New Bell ta Douala, ya zura wa Arsenal ƙwallo a ranar 22 ga Maris, 2014, a wasan da ƙungiyarsa ta Chelsea ta ci 6-0. Ko minti 15 ba a yi ba aka cire shi, tsokar bayan cinya ta kama shi.

Tsokoki uku ne a wurin, sun taso daga ƙashin ƙugu sun sauka ƙasan gwiwa. Da yake gaɓoɓi biyu suka ratsa, duk lokacin da ɗan wasa ya zura a guje ya miƙa ƙafa gaba, ana jan su ta kowane ɓangare a daidai lokacin da suke ƙoƙarin taka wa ƙafar birki. Nan ne ake samun tsagewa, galibi a tsokar da ke gefen waje.

Mai gajerun zaruruwan tsoka ya fi shiga haɗari, haka wanda ya taɓa jin raunin ko shekaru suka fara ja masa. Binciken UEFA ya nuna raunin ya kai kashi 24 cikin 100 na raunukan manyan ƙungiyoyin Turai a kakar 2021/22. Atisayen Nordic yana rage haɗarin da kusan rabi, kuma a tabarma ma ana iya yin sa: yaro ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma yaron ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali.