Inda Ya Kamata A Rataya Fitila A Wasan Makaranta

Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar Ɗambatta ya san wutar kara. Almajirai su taro karan dawa, a hura da dare, kowa ya karkata allonsa wajen harshen wuta. Wanda kuwa ya sa allo tsakaninsa da wutar, ko baƙi ɗaya ba zai gani ba. To, wannan sani shi malamin makaranta ke bukata ran da yaransa za su yi wasan kwaikwayo da dare.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a makarantun ƙasar Hausa. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi kuma da Zamanin Nan Namu a 1959. Amma littafi magana yake ba yaro, zancen fitila sai malami. Sau da yawa yara su yi wata biyu suna hadda, iyaye su baro ƙauyuka su taru, sa'an nan a rataya fitila guda a bayan 'yan wasa, a tashi ba wanda ya shaida fuskar ɗansa, sai inuwoyi masu magana.

Wani malami a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley McCandless, ya bayyana ƙa'idar abin cikin littafinsa na 1932. Fitila biyu za a kafa a gaban mai wasa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta sauko daga sama a karkace, watau rabin tsakanin tsaye da kwance. Dalili kuwa, hasken da ya taso daga ƙasa yakan juya inuwar hanci da haɓa sama, yaro ya koma kamar dodo. Wanda ya sauko tsaye bisa ka sai ya mai da idanu ramuka. A bar 'yan kallo cikin duhu, a kuma kare bayan fitila da kwano don kada ta kashe musu ido. Har wa yau, in aka ninka nisan fitila, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta kaɗai ke isa fuska.

Sha'anin launi kuwa 'yan kasuwa sun riga kowa saninsa, shi ya sa mai sayen yadi ke fitar da shi daga rumfa ya duba a rana. Shuɗin rini yakan koma baƙi a hasken kananzir, jan haske kuma ya kashe kore. Farar riga ita ce babbar ɓarauniya: sai ta ƙyalle ta dushe fuskar mai ita, balle in bangon baya ma fari ne. Gara a rataya baƙin zane a baya.

Da can aci-balbal da fitilar ƙwai ake fama da su, ga iskar hunturu, ga zana da labule kusa da wuta. Yanzu ƙwan LED mai wat 10 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya zafi sosai, batirin sola ma ya ishe shi. In janareto za a tayar, lalle a kai shi nesa, a fili, domin ƙararsa na haɗiye muryar yara, hayaƙinsa kuwa cikin rufaffen ɗaki kisa yake yi.