Kishi-kishi, gishi-gishi da kyu-kyu: yadda Japanawa ke rubuta ƙarar gogayya

Yau za mu leƙa Japan ne, don masu kallon anime da karatun manga sun ƙaru sosai a cikinmu. Idan kana buɗe manga, ka sha ganin wasu manyan haruffa an zana su a gefen hoto, su ba maganar kowa ba, kuma sau da yawa mai fassara yakan tsallake su. To waɗannan haruffan sauti ne aka rubuta. Wanda bai iya karanta su ba kamar mai kallon fim ne an rage masa murya.

Japanawa na kiran irin waɗannan kalmomi giongo, wato kalmomin da ke kwaikwayon sauti. Mu ma muna da su, malaman Hausa na ce musu amsa-kama, kamar ka ce ya faɗi tim, ko ƙofa ta yi ƙiii. Sai dai su sun yi wa abin rabe-rabe sosai. Ƙarar gogayya kaɗai, wato abu ya gogi abu, tana da kalmomi kusan shida da ake ji kullum.

Mu fara da kyu, ko kyu-kyu in ana maimaitawa. Wannan ita ce ƴar gajeriyar ƙarar da roba ke yi a kan daɓe mai santsi, ko tsumma a kan gilashi. Masoya Slam Dunk sun san ta. Takehiko Inoue ya zana wannan labarin ƙwallon kwando daga 1990 zuwa 1996, kuma shi da kansa ya ba da umarnin fim ɗin The First Slam Dunk na 2022. Ka saurari wasan da ke cikin fim ɗin da kyau, ƙarar takalma ce ke gaya maka wane ya tsaya cak, wane ya juya ya bar abokin karawarsa. Haka abin yake a Haikyu!! na ƙwallon raga. Ga mawaƙa kuma, ƙarar nan da yatsa ke yi idan ya zame a kan tsirkiyar jita, ita ma kyu suke ce mata.

Sai kii ko kii-kii, siririyar ƙara mai shiga haƙori: birkin keke, lilon yara da ya yi tsatsa, farce a kan allo. Idan mota ta taka birki da ƙarfi, za ka ga an zana kikii da dogon layi a bayansa. Layin nan yana nufin a ja sautin.

Kishi-kishi kuwa (ba kishin kishiya ba fa!) ƙaramar ƙara ce ta katako ko wani busasshen abu da ke gogar ɗan uwansa. Daga dangin kalmar kishimu take, wato yin irin wannan ƙarar. Har gashin da aka wanke ya bushe ƙamas yana tirjiya a hannu, kishi-kishi suke cewa.

Yanzu ga sirrin da in ka riƙe shi ka gama da rabin karatun. A rubutun Japananci akwai wasu ƴan ɗigo biyu da ake sa wa harafi a samansa ta dama, sunansu dakuten. Suna mayar da k ta koma g. Da zarar an sa su, sautin ya yi nauyi, abin da ke ƙarar ya ƙara girma ko tsufa. Kii ta koma gii, kishi-kishi ta koma gishi-gishi. Ƙofar ƙaramin kabad kii take yi. Tsohuwar ƙofar gidan da aka daɗe ba a shiga ba, gii take yi a hankali. Shi ya sa a labarin ban tsoro, kafin ma a nuna maka komai, ɗigo biyun nan sun riga sun faɗa maka akwai matsala. Gishi-gishi kuma ta tsohon matakalar bene ce, ko gado, ko kujerar da ƙato ya zauna a kai.

Wadda ta fi su tayar da hankali ita ce mishi-mishi. Ita ce ƙarar katakon da nauyi ya yi masa yawa, yana dab da karyewa. A ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, kuma gidajen katako suke da yawa, kun ga wannan kalma ba ta wasa ba ce. In ka gan ta a kan gada ko rufin ɗaki a manga, shirya, wani abu zai rufto.

Masu son finafinan ninja da samurai, ga naku. A fadar Nijo da ke birnin Kyoto, wadda Tokugawa Ieyasu ya sa aka gina a 1603, akwai daɓen katako da ake kira uguisubari. Ko ya ka taka shi sai ya yi tsuwa kamar kukan tsuntsu, saboda ƙarafan da ke riƙe da katakon ta ƙasa suna gogar ƙusoshi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, daɓen na tona asirin mai sanɗa cikin dare. Har yau ƴan yawon buɗe ido na takawa suna jin tsuwar.

To lokaci na gaba da za ka buɗe manga, kar ka wuce haruffan nan da sauri. Duba ko akwai ɗigo biyu, duba ko an ja layi, duba girman rubutun, don ƙaton harafi na nufin ƙatuwar ƙara. In anime ne, sa abin kunne ka saurara, ka gwada tantance ko kii ce ko gii. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.