Ƙirar Bodin Mota a Gida: Aikin Maƙera a Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, zai ga motocin kaya iri iri suna wucewa da gero da dawa da wake da albasa. In ya duba da kyau zai lura yawancin bodin da ke bayansu ba daga kamfani ya fito ba. Hannun mutanenmu ne ya yi shi, a ƙarƙashin rumfa ko a ƙofar gida. Manoman Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi, duka da irin waɗannan motoci suke kai amfanin gona kasuwa. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake wannan aiki, da abin da ke bambanta mai kyau da marar kyau, gama dukiya da rayukan mutane ne ake ɗorawa a kai.

Asalin sana'ar

Tun farkon zuwan mota, kamfanoni da yawa inji da ƙafafu da ƙashin mota kaɗai suke sayarwa, watau shasi. Mai saye ne zai nemi wanda zai ɗora masa jiki. A Ingila masassaƙa ne suke yin ƙwarangwal na itace, sa'an nan maƙera su lulluɓe shi da faifan ƙarfe da suka buga da hannu. Daga baya aka ƙirƙiro manyan injuna masu danna ƙarfe su fid da ƙofa ko rufi a bugu ɗaya. Amma a motocin kaya tsohuwar hanya ba ta mutu ba. A ƙasarmu an daɗe ana sayo roka da kai da shasi kawai, kafintoci su yi mata bodin katako. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, akori-kura ta yawaita a karkara, aikin masu walda da masu bugun jikin mota ya ƙaru. Da yawa daga cikin kayan aikinsu na maƙeran gargajiya ne: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da magagari.

Halin ƙarfe

Mai son koyon wannan aiki sai ya fara sanin abu uku. Na ɗaya, in ka bugi faifan ƙarfe a kan abu mai tauri, wurin da ka buga yana miƙewa ya yi sirara. Da yake gefensa bai miƙe ba, sai tsakiyar ta kumbura kamar ƙwarya. Haka ake samun lanƙwasar murfin ƙafa ko kusurwar rufi. Ba lalle sai da injin Turawa ba. Kututturen itace da aka fafe bisansa kamar akushi, ko jakar fata cike da rairayi, da guduma ta itace mai zagayayyen kai, sun isa.

Na biyu, ƙarfe yana taurara in an yi ta bugunsa, har ya kai ga tsagewa. In ka ji ya fara ƙin guduma, a gasa shi ya yi ja, a bar shi ya huce da kansa, zai yi laushi. Na uku, wurin da ya miƙe fiye da kima ana iya tsuke shi. Ana ɗana wuta a wuri ɗan ƙarami kamar kwabo har ya yi ja, a bubbuga shi a hankali, a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma. Yana hucewa sai ya ja jikinsa.

Kafin a yanka ƙarfe, a yanka takarda. Takardar buhun siminti ta isa a fid da fasalin abin da ake so, a gwada ta a jikin motar, sa'an nan a shimfiɗa ta bisa ƙarfe a zana. Takarda in ta ɓaci ba a yi asara ba. Wajen walda kuma kada a ja wuta daga wannan gefe zuwa wancan a tafiya ɗaya, domin zafi zai murɗe faifan. A ɗiɗɗiga nan da can, a bari ya huce, a koma a cike tsakani. Sannu ba ta hana zuwa.

Nauyi shi ne babbar magana

Masu mota da yawa suna zaton bodi mai kauri shi ne mai ƙarko. Ga lissafin. Faifan ƙarfe mai ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa wajen kilo 23 ne. Mai milimita 2 wajen kilo 47, mai milimita 3 kuwa wajen kilo 70. Akori-kura irin ta Peugeot an yi ta domin ɗaukar wajen tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo 100. Duk kilon da aka ƙara wa bodi, daga cikin kayan manomi aka cire shi, kuma kullum mota za ta sha mai a kansa ko tana tafiya wayam. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Gwani yakan sa mai kauri a daɓe inda kaya ke zama, ya sa marar kauri a gefe, ya karya masa ƙugiya ko ya yi masa layuka. Faifan da aka lanƙwasa bakinsa ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa kwanon rufi yake da tudu da kwari.

Akwai kurakurai biyu da suke jawo haɗari a ranakun kasuwa. Ɗaya shi ne ƙara wa bodi tsawo ya wuce ƙafafun baya da yawa. In an loda kaya a can, gaban mota yakan yi sama, sitiyari da birkin gaba su rasa kamun ƙasa. Ɗayan kuma shi ne ƙara masa tsayi domin a jera buhuna har sama, mutane kuma su hau kai. Irin wannan mota a kwana ko a gargada, kamar yadda hanyoyin ƙauyukan Kebbe suke da damina, ba ta da wuyar kifewa. Har wa yau kada a yi walda a kan shasi, kada a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Nan ne ƙarfin mota yake, kuma daga nan tsaga take farawa. A ɗaure bodi da maɗauran ƙarfe masu noti waɗanda suke rungumar shasi. Wanda ya sāke fasalin motarsa, ya kai wa jami'an duba motoci su gani kafin ya hau titi da ita.

Tsatsa

Takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi suna cin ƙarfe da sauri. A bar ƙananan ramuka a kusurwoyin daɓe domin ruwa ya tsiyaye. A kankare ƙarfe ya yi fes, a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje, kafin fentin ado. Mai saye ya ƙwanƙwasa jikin mota da ɗan yatsa, ko ya gwada da mayen ƙarfe. Inda bai kama ba, an cika wurin da fila ne aka rufe da fenti, kuma gargada za ta zubar da shi. Araha ba ta ado.

Lafiyar mai aiki

Kada a kusantar da wuta ga tankin mai ko durom da aka taɓa zuba mai a ciki, ko da ya yi shekara a bushe. Tururin da ya rage ciki ya isa ya fasa shi. Hasken walda yana ƙona ido, baƙin tabarau na kasuwa kuwa ba ya tsare shi, sai gilashin walda na ainihi. Farin kwano yana da sinadarin zinki a jikinsa, hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka a yi aikinsa a fili inda iska ke kaɗawa. Kabayit kuma a ajiye shi a rufe nesa da ruwa, gama da ya jiƙe sai ya fid da iska mai kama wuta. A kori yara daga wurin aiki.

Ga samarinmu

Saurayin da ya gama aikin gona da kaka, maimakon ya tafi cin rani birni, yana iya zama wurin maigida ya koyi wannan sana'a. Ba da mota ake farawa ba. Amalanken shanu da ake ginawa bisa ƙafafun tsohuwar mota, da baro, da ƙofar gida, da akwatin ƙarfe, duka aikin awo da yanka da lanƙwasa ne, kuma akwai masu bukatarsu a kowane ƙauye. Ƙungiyoyin manoma suna iya haɗa kuɗi su sayi injin walda da janareta, su danƙa wa wanda ya ƙware daga cikin 'ya'yansu. Ta haka garma ko amalanke in ta karye ana tsakiyar aiki, ba sai an ɗauke ta zuwa Jega ko Sakkwato ba, kuɗin gyaran kuma ya zauna a cikin gari.