Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi Ne: Abin Da Ke Kashe Tsofaffin Motocin Soja

Shekaru da dama ke nan rundunar sojan Amurka tana yin gwanjon motocin dakon da ta gama da su, manoma da 'yan kwana-kwana na ƙauyuka da masu sha'awar kayan da suna saye. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce M35, mai ƙafa goma, wadda kamfanin REO ya tsara a 1949, aka yi ta domin ɗaukar kayan tan biyu da rabi a hanyar da babu kwalta. Abin da ke ruɗar mai saye shi ne agogon tafiya. Zai ga mota ta haura shekara arba'in amma tafiyar da ta yi ba ta kai ta tasi a shekara guda ba, sai ya ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. A ganina wannan ƙarancin tafiyar shi ne babban abin tsoro, domin irin waɗannan motoci zama ne ke cin su. Wanda zai kula da su dole ya riƙa ƙirga shekaru da watanni, ya bar ƙirga kilomita.

Dalilin a fili yake. Ƙarfe yana jure zama, roba kuwa ba ta jurewa. Tiyo da bel da robobin da ke tare mai duk suna bushewa su tsage ko mota ta motsa ko ba ta motsa ba. Tankin M35 yana cin kusan lita 190, kuma idan ya daɗe babu mai sosai a ciki raɓa takan taru, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta kama, ƙananan halittu su yi kauri kamar majina a mahaɗar ruwa da dizal. Ga kuma wani abu da agogon tafiya ba ya faɗa: motar soja takan yi awoyi injinta na aiki tana tsaye wuri guda. Shi ya sa agogon awoyi da ke jikin ma'aunin juyawar inji ya fi faɗin gaskiya.

Inda lamarin ya fi muni shi ne birki. Birkin samfurin M35 mai lamba M35A2 na mai ne da iska ke taimaka wa, kuma layinsa ɗaya tak. Motocin zamani layi biyu gare su, idan ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A nan kuwa, tiyo ɗaya ya tsage ko silinda ɗaya daga cikin shida na ƙafafu ya yi yoyo, to birkin ya tafi gaba ɗaya, a mota mai nauyin kusan tan shida ko babu kaya a kanta. Saboda haka aikin farko bayan saye, tun kafin a yi maganar fenti ko tayar da inji don jin daɗin ƙara, shi ne a sauya tiyoyin birki na roba duka, a buɗe kowace ƙafa a duba. A kuma lura da irin man: soja suna zuba man birki na silikon mai lamba DOT 5, wanda ba ya haɗuwa da DOT 3 da ya cika kasuwa. Wanda ya ƙara na kasuwa a kan na soja ya gauraya abin da ba ya gaurayuwa. Tankunan iska ma ana zubar da ruwan da ke taruwa a cikinsu kullum bayan aiki, kuma ba a tashi da mota matuƙar ƙarar gargaɗin ƙarancin iska ba ta yi shiru ba.

Wani zai ce ai babu mai kula da mota kamar soja, don haka abin da ya fito daga hannunsu lafiyayye ne. Akwai gaskiya a nan. Suna da tsarin dubawa kafin tafiya da lokacin tafiya da bayanta, da na mako da na wata, duk a rubuce. Sai dai wannan kulawa ta ƙare ne ranar da aka yanke shawarar sallamar motar. Daga nan takan yi zaman jiran gwanjo a fili, rana da ruwa, wani lokaci ma a cire mata kaya a gyara 'yar'uwarta. Mai saye ƙarfen ya saya, bai sayi sojan da ke zagaya shi da safe ba. Abin daɗin shi ne littattafan gyaran suna nan a buɗe ga kowa, kuma suna bin matsala daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Wani kuma zai kawo maganar inji, ya ce ai injin motar, LDT-465, kowane mai yana sha. Haka aka ƙera shi, yana karɓar dizal da kananzir da man jirgi, har da fetur idan an shiga matsi. An yi hakan ne don fagen yaƙi, inda ba a da zaɓi. Fetur ba shi da maiƙon da famfon nozul ke buƙata, kuma babu injin da aka ƙera don shan ruwa da datti. Idan irin wannan mota ta ƙi tashi ko ta rasa ƙarfi a hawa, kada a yi saurin kwance famfon nozul, wanda shi ne mafi tsada. A fara da tanki, a saurari ƙaramin famfon lantarkin da ke cikinsa, a sauya filtoci uku, a fitar da iskar da ta shiga layi. Akwai wata alama da mutane ke murna da ita bisa kuskure: baƙin mai ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa. Wannan dizal ne ke zurarewa cikinsa ta robobin famfon da suka mutu, yana tsinka shi har ya kasa kare inji.

Wutar motar bolt 24 ce, batir biyu a jere. Mai jan bolt 12 daga batir ɗaya don rediyo yana kashe su biyun a hankali. Tayoyi kuwa, ko zanensu na nan sabo fil, shekaru sun cinye su, kuma wilinsu mai zobe ne. Zoben da bai zauna daidai ba yana iya fallewa ya kashe mai faci, don haka a cikin keji ake ba su iska.

Saura masu cewa ƙwararren bakanike da kunne yake gane ciwon mota, ba sai da littafi ba. Ba na raina kunnen gwani, amma kunne ya saba ne da motar da aiki ya gajiyar, kuma busasshiyar roba ba ta ƙara. Abin ya ƙara tsanani a motocin da suka gaji M35, wato dangin M1078, waɗanda aka samo tsarinsu daga Steyr na ƙasar Ostiriya, kamfanin nan da ya yi masana'antar haɗa motoci a Bauchi. Su giyarsu mai sauya kanta ce, lantarki ke sarrafa ta, kuma direba yana rage ko ƙara iskar taya daga mazauninsa. Wayar da tsatsa ta ci a nan tana iya hana mota shiga giya alhali inji lafiya lau. Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikin motocin nan, ya ɗauko ta a kan tirela zuwa gida, kada ya hau titi da ita sai an gama aikin birki da taya.