Wa ke da alhakin tsaro a jami'ar Yamai? Waiwaye kan rikicin 2018 da 2019

'Yan uwa, da wuya a samu unguwa a ƙasar nan da ba ta da ɗa ko ƙane a jami'a. Sau da yawa bayan sallah iyaye kan tsaya a ƙofar masallaci suna tambayar juna: yaya digirin lisans da aka ce shekara uku ne, yaro ya shekara huɗu ko biyar bai gama ba? Amsar da aka saba ji ita ce yajin aiki. Gaskiya ne, amma yajin aiki ba ya faɗowa daga sama. Mun ga ya dace mu ɗauki misali guda, wato abin da ya faru a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai a 2018 da 2019, domin a cikinsa tushen matsalar ya fito fili.

Ɓangarori uku ne ke cikin zancen. Akwai ƙungiyar malaman jami'a masu bincike, SNECS. Akwai ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, da reshenta na jami'ar Yamai. Sai kuma hukuma, wato shugaban jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke samansa.

Kafin a gane rikicin sai an san wata al'ada da jami'o'in ƙasashe rainon Faransa suka gada, wadda za mu kira hurumin jami'a. Ma'anarta ita ce ɗan sanda ko jandarma ba ya shiga harabar jami'a sai hukumar jami'ar ta kira shi. Hikimar a fili take: malami ya koyar, ɗalibi ya yi muhawara, ba tare da tsoron mai bindiga a bakin aji ba. A Nijar kuwa ɗalibai ba su ɗauki wannan hurumi da wasa ba, saboda akwai jini a tarihinsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, a zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro sun buɗe wuta kan ɗaliban da suka fito daga jami'a suna ƙetare gadar Kennedy, aka kashe uku, Allah ya jiƙan su. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Sannan ranar 10 ga Afrilun 2017 wani ɗalibi ya rasa ransa yayin zanga-zanga kan kuɗin alawus da yanayin karatu, aka rufe harabar, daga baya aka sauya ministan ilimi mai zurfi. Ɗalibin da ya taso da waɗannan labarai, idan ya ga motar jami'an tsaro a ƙofar makaranta, ba kariya ce ke fara zuwa masa a rai ba.

To, idan jami'an tsaro ba sa shiga, wa ke tsawatarwa a wurin da dubban matasa ke kwana suna tashi? Nan ne CASO ta shigo. Wani kwamiti ne na ƙungiyar ɗalibai da ke kula da walwala da tsari. Su ke daidaita layi a gidan cin abinci, su ke tsara shiga motocin ɗalibai, su ke sa ido a ɗakunan kwana, su ke gadin tarukan ƙungiya. Duk wanda ya taɓa ganin turereniya a bakin mota ya san ana buƙatar mai tsawatarwa. Sai dai wanda ke hukunci ba tare da alƙali a samansa ba, ba ya daɗewa bai wuce gona da iri ba. An daɗe ana zargin 'yan CASO da duka da cin zarafi, kuma wasu daga cikin masu wannan kuka ɗalibai ne 'yan uwansu.

Ranar 7 ga Fabrairun 2018 aka yi arangama tsakanin wani malami da wasu 'yan CASO a jami'ar. SNECS ta ce cin zarafi ne aka yi wa mambanta. Shugabannin ɗalibai suka ce 'yar hatsaniya ce aka kambama. Ranar 20 ga watan malamai suka ajiye alli, suka shiga yajin aikin sai baba ta gani. Buƙatunsu su ne a kori waɗanda ke da hannu, a rusa CASO, a kuma kawo jami'an tsaro su tsare harabar. Bayan kusan wata guda suka koma aji, bayan an kori shugabannin ɗalibai biyar an kuma amince da shigar da jami'an tsaro.

Kowa ya san abin da zai biyo baya. Malamai na komawa, ɗalibai suka fita. Suka ce a mayar da waɗanda aka kora, a janye masu kaki daga makaranta. A watan Afrilu aka yi taho-mu-gama da jami'an tsaro, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka ji raunuka, hukuma ta sake rufe harabar. Rufe haraba kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya taso daga Diffa ko Damagaram ba shi da kowa a Yamai. Wurin kwanansa da abincinsa duk suna ciki. Da yawa a gidajen 'yan garinsu da masallatan unguwanni suke raɓewa idan haka ta faru.

A ganinmu malamai na da gaskiya a kan asalin kukansu. Ba a koyar da wanda ake tsoro, kuma al'ummar da ta bar ɗalibi ya ɗaga wa malaminsa hannu ta zubar da wani abu mai wuyar kwashewa. Amma maganin da suka nema yana da tsada. Da bakinsu suka ce jami'a ta kasa tsare kanta, gwamnati ta shigo. Gwamnati kuwa ta ji.

Kafin shekarar ta ƙare sai ga sabon rikici, wannan karon tsakanin SNECS da gwamnatin shugaba Mahamadou Issoufou, kan yadda ake samar da shugabannin jami'o'i. Tun bayan zuwan dimokuraɗiyya a shekarun 1990, mutanen jami'a ne ke zaɓen shugabansu, gwamnati ta tabbatar da shi. Sai gwamnati, ta bakin minista Yahouza Sadissou, ta ce daga yanzu ita za ta riƙa naɗawa. Hujjarta ita ce ita ke zuba kuɗi, ita ake zargi idan shekarar karatu ta lalace, amma ba ta da iko kan wanda ke riƙe da makarantar. Masu goyon bayanta suka ƙara da cewa shugaban da abokan aikinsa suka zaɓa ba zai iya tsawatar musu ba, domin gobe zai koma neman ƙuri'arsu. Malamai suka mayar da martani cewa wanda aka naɗa da takardar majalisar ministoci, da irin wannan takarda ake tuɓe shi, don haka kunnensa na wajen minista ko da ma'aikata ce ke da laifi. Suka ce kujerar za ta koma ladan 'yan jam'iyya.

Duka hujjojin biyu suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa aka daɗe ana ja. An shafe watanni ana yajin aiki na kwanaki, a koma, a sake fita. Wannan karon ba Yamai kaɗai abin ya shafa ba, domin a lokacin ƙasar na da jami'o'in gwamnati takwas: bayan ta Yamai an buɗe na Maradi, Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi a 2014. A 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon naɗin.

Ba muna cewa rikicin farko ne ya haifi na biyu ba. Amma idan aka jera su za a ga tambaya ɗaya ce aka yi sau biyu: wa ke da iko a cikin jami'a? A karon farko malamai sun nemi gwamnati ta shigo don kare lafiyarsu, ɗalibai suka ce an keta hurumi. A karo na biyu gwamnati ta shigo har ofishin shugaban jami'a, malamai suka ce an keta 'yanci. Kuma da aka zo karo na biyu, ɗaliban da a 1990 suka kasance a sahun gaba wajen neman 'yanci suna ɗauke da tabon korar shugabanninsu, ga fargabar asarar shekara.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. CASO ta yi ƙarfi ne saboda ƙarancin abubuwa. Inda gadon kwana ya ishi kowa, mota ta wadata, abinci ba ya ƙarewa kafin layi ya ƙare, mai riƙe da sanda ba shi da aikin yi. Jami'ar da aka fara a farkon shekarun 1970 da ɗalibai kaɗan, a 2018 tana ɗauke da sama da dubu 20, kuma gine-gine da motoci ba su bi wannan yawa ba. Tsakanin 'yan sandan gwamnati da sandar ɗalibai akwai hanya ta uku da wasu jami'o'in duniya ke bi, wato masu gadi na jami'a da kanta, marasa bindiga, waɗanda ke amsa umarnin shugaban jami'a, tare da kwamitin ladabtarwa da ke zama da wuri ya saurari kowane ɓangare. Da irin wannan kwamiti ya zauna cikin makon da aka yi arangamar 7 ga Fabrairu, ya yanke hukuncin da malamai da ɗalibai suka yarda da adalcinsa, da wataƙila ba a kai ga yajin ranar 20 ba.