Darar Daura Da Wasannin Yaƙin Sararin Samaniya

Duk wanda ya zaga unguwannin Daura bayan sallar La'asar, da wuya ya rasa ganin dattawa a inuwa sun duƙufa a kan dara. Ramuka 30 ne a ƙasa, layi 5, kowane layi da rami 6, kowane ɗan wasa kuwa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Samari da yawa suna wuce su ba ko waiwaye, alhali abin da manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka daɗe suna nema yana nan a gaban dattawan.

Wasannin da ake magana a kansu su ne na dabarun yaƙi waɗanda ba a jiran juna a cikinsu, wato kowane ɓangare yana tara dukiya, yana ƙera jirage, yana kai hari a lokaci guda. Kamfanin Westwood na Amurka ya kafa tsarinsu da Dune II a 1992, Blizzard ya fito da StarCraft a 1998, sa'an nan Relic na Kanada ya kawo Homeworld a 1999, inda jirage suke iya hawa sama ko su gangara ƙasa. To, amma fa irin wannan wasa yana da wata illa. In ba a tsara shi da kyau ba, sai ya zama tsere kawai: wanda ya fi saurin hannu da yawan jirage shi ne da nasara, tunani kuwa ya zama ba shi da amfani.

A nan ne dara take da abin koyarwa. Da farko, a lokacin zuba 'ya'ya ba a yarda mutum ya jera uku ba, saboda haka tilas ya shirya tarkon da ba zai kama ba sai can gaba. Na biyu, jera uku ne ke ba da ikon ci, jera huɗu ba ya ba da kome, wato yawa kaɗai ba ya biyan bukata. StarCraft ma ya sa wa rundunar kowane ɗan wasa iyaka, don ya zaɓi abin da zai ƙera. Na uku, ɗan da aka cinye ba ya dawowa. Haka Homeworld ya yi: jiragen da suka tsira daga wannan fage su ake shiga fage na gaba da su, don haka ganganci yana da tsada.

Akwai kuma matsalar fili. Sararin samaniya ba shi da tsauni ko kogi ko ganuwa, ba inda za a tare abokin gaba. Masu Sins of a Solar Empire na 2008 sun magance wannan da ƙayyade hanyoyin da jirage za su bi tsakanin duniyoyi, sai mashigai suka zama abin tsaro. Mutumin Daura ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin labarin Bayajida ya nuna yadda macijiya guda ta juya gari sukutum saboda ta tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

Saboda haka ɗaliban da ke koyon ilmin kwamfuta, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, ya kamata su zauna da dattawan nan, su rubuta ƙa'idojin dara da dabarunta tun masanan suna raye. Wanda ya gane yadda ramuka 30 ke riƙe hankalin dattijo shekara da shekaru, ya kama hanyar ƙera wasan da ba a gajiya da shi. In kuwa aka yi sake har masanan suka ƙare, to, dara ta ci gida.